Gwiwar yaro da ta ƙi miƙewa: jira ba magani ba ne

A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, idan gwiwar yaro ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa, akan ce a bari ya girma tukuna a yi masa tiyata, wai ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Wannan jiran yana cutar da yaranmu.

A ƙarshen ƙashin cinya, dab da gwiwa, akwai guringuntsin da ƙashi ke ƙara tsawo daga gare shi. Likitan ƙashi kan yi tiyata ya ɗaura ƙananan ƙarafa ta gaban guringuntsin. Sai ɓangaren gaba ya tsaya, na baya ya ci gaba da girma, ƙafa ta riƙa miƙewa wata bayan wata. In ta daidaita a cire su. Amma guringuntsin kan rufe wajen shekara 14 ga mata, 16 ga maza. Da ya rufe, wannan dama ta wuce, sai dai a yanke ƙashin a saita shi, aiki mai nauyi da doguwar jinya.

Lanƙwasar kan biyo bayan shan inna ko lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa. Ba karaya ba ce, don haka jan maɗori ba ya warware ta, yana iya ma karya ƙashin. Mai sauƙi kuwa, gashin ƙashi da filasta kan wadatar, likita ne zai auna.