Wutar daji a bakin gari: ta yaya 'yan kwana-kwana ke zaɓar gidan da za su tsaya wa?

Ranar 7 ga Janairun 2025 wuta ta tashi a Pacific Palisades da kuma kwarin Eaton, a kewayen birnin Los Angeles na Amurka. Kafin a shawo kanta, gine-gine fiye da 16,000 sun ƙone, mutum kusan 30 sun rasa rayukansu. Duk wanda ya ga hotunan ya yi tambaya guda: ina 'yan kwana-kwana suke? Suna nan, amma aikinsu a irin wannan rana ba yadda muka saba gani ba ne.

Masu kashe wutar daji da 'yan kwana-kwanan gari ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Masu shiga daji da gatari da shebur da zarto mai inji suke aiki. Suna sare ciyawa da itatuwa, su kankare ƙasa har sai babu abin da wuta za ta ci, katafila na taya su, jiragen sama na zubo ruwa. Makiyayan Nijar sun san irin wannan, domin can ma akan share doguwar hanya a makiyaya don tare wutar daji. Su kuwa 'yan kwana-kwanan gari gini suka sani, da tsani, da jan tiyo daga famfon titi. Idan wuta ta iso inda daji ya haɗu da unguwa, sai a raba aiki: na daji su bi gefen wutar, na gari su tsaya wa gidaje.

Gari ɗaya ba zai iya ba, to daga ina ake samo motoci?

Daga maƙwabta, bisa yarjejeniyar taimakon juna da aka ƙulla tun kafin gobara. A jihar Kalifoniya, inda Los Angeles take, akan haɗa motoci biyar iri ɗaya ƙarƙashin jagora guda, a tura su tare. A jihar Oregon akwai dokar da ta ba gwamna ikon tattaro 'yan kwana-kwanan garuruwa idan gobara ta fi ƙarfin na yankin. A gobarar Los Angeles har daga Kanada da Meziko aka kawo ɗauki. Sai dai kowane gari kan bar wasu motoci a gida, tunda gobarar kicin da haɗarin mota ba sa jira.

Idan gidaje ɗari ne, motoci biyar, wanne za a fara?

Nan ne aikin ya fi nauyi a zuciya. Jagora kan zagaya unguwa kafin wuta ta iso, yana duba gida bayan gida cikin 'yan mintuna. Wani gidan rufinsa na ƙarfe ne ko tayil, kewayensa a share, zai iya tsira ko ba kowa. Wani yana bukatar a gyara masa kewaye a kuma tsaya a gabansa. Wani za a gyara abin da ya samu, a bar shi a wuce. Wani kuwa, wanda ke kan gangare, busassun itatuwa sun rungume shi, hanyarsa ɗaya ce kuma ƙunci gare ta, iyakar abin da za a yi shi ne a ƙwanƙwasa ƙofa a tabbatar babu mutum a ciki.

Tambayar farko a kowane gida ita ce: idan abu ya ɓaci, ta ina za mu fita, ina za mu fake? Girman gida ko kuɗin mai shi ba ya cikin ma'aunin da ake koya musu.

A gidan da aka zaɓa, direba kan juya mota ta fuskanci hanyar fita, ya bar inji a kunne. Ɗaya ya kwashe tulin itacen da ke jingine da bango, ya janye kujerun waje da tabarmar bakin ƙofa. Ɗaya ya rufe tagogi, ya kashe gas, ya jingina tsani a rufi. Tiyo gajere ake shimfiɗawa, don a iya naɗe shi cikin gaggawa. Kuma ba a ƙarar da ruwan tanki duka. Akan bar saura don kare kai.

Me ya sa wani lokaci suke janyewa su bar gida yana ci?

Saboda an sha binne waɗanda suka tsaya. A watan Oktoban 2006, a gobarar Esperanza da ke kudancin Kalifoniya, wuta ta rutsa da ma'aikata biyar suna kare wani gida a kan tudu, duka suka mutu. Gidan ba kowa a ciki. Ni dai ban ga laifin jagoran da ya ce wa yaransa a hau mota a tafi ba, ko da mai gida na kuka a gefe.

An ce famfunan titi sun ƙafe a gobarar Los Angeles. Yaya aka yi haka?

Gaskiya ne. Tankuna uku da ke ba tudun Palisades ruwa, kowanne na ɗaukar galan kusan miliyan ɗaya, sun ƙare kafin asubahin 8 ga wata, ga kuma wata babbar ma'ajiyar ruwa ta yankin da aka zazzage don gyara. An tsara ruwan gari ne don gobarar gida ɗaya ko biyu, ba unguwa sukutum ba. A daren kuma iskar Santa Ana, busasshiya mai kama da ta hunturunmu amma ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, ta hana jirage tashi.

To me ke ƙona gida, idan harshen wutar bai ma iso ba?

Garwashi. Iska kan ɗauko shi ta jefa fiye da kilomita ɗaya a gaban wutar, ya faɗa cikin busassun ganyen da suka taru a indararo, ko ya shige ta kafar iska zuwa ƙarƙashin rufi. Shi ya sa dokar Kalifoniya ta wajabta wa masu gidaje a yankunan haɗari su share kewaye har ƙafa 100, wato kusan mita 30. Kuma bayan wuta ta wuce 'yan kwana-kwana kan dawo su bi gida-gida, suna leƙa ƙasan baranda da saman silin, don garwashin da ya maƙale kan ɗauki sa'o'i yana ci a ɓoye kafin hayaƙi ya bayyana.