Ƙashin bayan kifi: daga ƙeya zuwa jela ba iri ɗaya ba ne

Mu dai in an ce ƙashin bayan kifi, abin da muka sani kawai "ƙaya", a zare ta a jefa wa kyanwa shikenan. To amma doguwar ƙayar nan ta tsakiya ba ƙashi guda ba ce, ƙananan gaɓoɓi ne a jere kamar 'ya'yan carbi. Karfasa tana da wajen 30, tarwada kusan 60, mu mutane 33. In ka ɓalle guda ɗaya ka wanke ka duba da kyau, wallahi kamar ɗan kalangu, tsakiya a tsuke, baki biyun kuma kowanne ya lotsa ciki. A samanta akwai 'yar ƙofa da laka, wato jijiyar nan da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ke bi ta wuce, sai tsini guda da ya miƙe sama.

Inda bambancin yake shi ne ta ƙasa. Masana sun raba ƙashin gida biyu, na ciki da na jela. A ɓangaren ciki, haƙarƙari ne ke fitowa dama da hagu suna rungume hanji da hanta, su ne ƙayoyin nan sirara masu lanƙwasa da ke maƙale wa yara a wuya. Baƙin abin nan ma da ake kankarewa a jikin ƙashin lokacin gyaran kifi, wanda muke cewa daskararren jini ne, ƙodar kifin ce fa. Da ka wuce inda ciki ya ƙare sai haƙarƙarin su ɓace, gefe biyun su haɗe ta ƙasa su yi wata ƙofar da manyan jijiyoyin jini ke bi, da tsini guda mai kallon ƙasa, shi ya sa yankan jela ke da sauƙin ci, tsini sama tsini ƙasa kamar matajin kai, ka ɗaga tsoka ta taso ɗungurungum. Ni dai duk ranar da aka yi farfesu, yankan nan nake zaɓa wa ƙananan yara.

Kifi ba shi da wuya, kan a manne yake, in zai waiwaya sai dai ya juya jiki gaba ɗaya. Amma abin da ya fi ba ni mamaki yana nan bayan ƙeya. A jikin tarwada da kurungu da danginsu, gaɓoɓin farko sun rikiɗe, wasu sun manne da juna, wasu sassansu sun koma ƙananan ƙasusuwa da suka haɗa jakar iskar da ke cikin kifin da kunnensa na ciki. Sauti ya bugi jakar, ƙasusuwan su kai saƙo kunne. Wani Bajamushe, Ernst Weber, shi ya yi bayanin wannan tun 1820, har yau sunansa ake kiran wurin da shi. Karfasa ba ta da wannan, don haka tarwada ta fi ta ji nesa ba kusa ba.

Can ƙarshe kuma gaɓoɓin ƙanƙancewa suke yi, na ƙarshen su baje kamar mafici, a kansu fiffiken jela ke zaune. In ka samu bandar tarwada ka ɓare ta a hankali, daga ƙeya har maficin duk za ka gani a faranti.