Koken mazaɓa a zauren majalisa

Koken mazaɓa shi ne duk wata matsala ta jama'a da zaɓaɓɓen ɗan majalisa yake ɗauka ya kai gaban zaure don a tattauna a kuma nemi gwamnati ta yi wani abu a kai. A Najeriya, tun dawowar mulkin farar hula a 1999, Majalisar Tarayya gida biyu ce: Majalisar Dattawa mai sanatoci 109, wato uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, sai Majalisar Wakilai mai kujeru 360. Kano ke da 24 a cikinsu, Jigawa na da 11. A matakin jiha kuma majalisar dokokin Kano mutum 40 ne, ta Jigawa a Dutse mutum 30.

Yawanci Talata da Laraba da Alhamis ake zama. Ɗan majalisa in yana da koke, mafi saurin hanya ita ce ƙudirin gaggawa, ya miƙe ya faɗi sunansa da mazaɓarsa, ya nemi izinin kakaki, wani ya mara masa baya, ya karanto abin da ya faru da abin da yake roƙo, sai a yi ƙuri'ar murya kakaki ya buga guduma. Daga nan galibi a miƙa wa kwamiti a ce ya kawo rahoto cikin makonni kaza. To a nan fa mutanen karkara da yawa ke samun ruɗani, don irin wannan matsaya shawara ce kawai, ba ta tilasta wa minista ko gwamna komai. Ƙudirin doka shi ne mai ƙarfi, amma shi sai ya tsallake karatu na ɗaya da na biyu, ya je kwamiti a ji ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, ɗaya majalisar ma ta amince, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30, in ya ƙi sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun tsaya kafin ya zama doka.

A ƙasar Jigawa babu koken da ya kai na ambaliya maimaituwa. Kusan duk damina sai wakilan Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da Kirikasamma da Guri sun miƙe. Ruwan yana gangarowa ne daga ɓangaren Kano inda dam ɗin Tiga da na Challawa suke, ya zo ya tarar kachala da yashi sun toshe hanyar kogin Haɗeja, sai ya fasa ya shiga gonakin shinkafa da gidajen ƙasa. A 2020 da 2022 ɓarnar ta yi muni sosai. Abin da aka saba roƙa shi ne hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta kawo kayan tallafi, kuma tana kawowa, buhunan hatsi da tabarmi da kwanon rufi, amma manomin da shinkafarsa ta fara ɗaukar ciki ruwa ya shanye ta, kuma bashi ya ci ya sayi taki, mudu nawa za a ba shi ya mayar da wannan? Yashe kogi da cire kachala da gina jinga shi ne maganin, wannan kuwa aikin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne da ma'aikatar ruwa, kuma ba ya yiwuwa sai kuɗinsa ya shiga kasafi an kuma sake shi kafin ruwa ya sauka.

Sauran koke-koken sanannu ne, tsadar taki, tsuntsayen jan-baki da ke afka wa gero da shinkafa, rikicin manoma da makiyaya a kan burtali, tiransifomar da ta ƙone shekara guda ba a canza ba, asibitin ƙauye da babu ungozoma. Wani lokaci kuma masifa ce ke kai magana zaure, kamar gobarar tankar mai ta Majiya a ƙaramar hukumar Taura a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, Allah Ya ji ƙansu.

Akwai kuma batutuwan ƙasa baki ɗaya da suke taɓa ɗan ƙauye kai tsaye. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ya ninka kuɗin mota da na man injin ban-ruwa. Ƙudirorin gyaran haraji na ƙarshen 2024 sun tayar da ƙura, 'yan majalisar Arewa da dama suka ja daga kan yadda za a raba harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa kan sayen kaya, sai da aka yi gyare-gyare kafin a sa musu hannu a Yunin 2025. Hukumar Raya Arewa maso Yamma da Sanata Barau Jibrin na Kano ta Arewa ya ɗauki nauyin ƙudirinta ta zama doka a 2024, misali ne na koken da ya bi doguwar hanya har ya kai.

Ayyukan mazaɓu wani babi ne daban. An daɗe ana ware kimanin naira biliyan 100 a shekara, ɗan majalisa ya zaɓi aiki wata hukumar gwamnati ta aiwatar, shi ne tushen bohol da fitilun sola da kekunan ɗinki da ake rabawa. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta fara bin diddiginsu a 2019 kuma ta sha gano waɗanda aka biya kuɗi ba a yi ba. Illarsu ita ce jama'a sun koma auna onarabul da abin da ya raba ranar taro, ba wanda ke tambayar ko ya bi kokensu zuwa kwamiti, ko ya zauna lokacin kare kasafi, alhali sashe na 88 da 89 na tsarin mulki sun ba majalisa ikon kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayanin inda kuɗi ya tafi. Sashe na 69 kuma ya ba masu zaɓe damar yin kiranye, sai dai sharaɗinsa sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, INEC ta tantance sannan a yi ƙuri'ar raba gardama, shi ya sa har yau ba a taɓa dawo da wani ɗan Majalisar Tarayya gida ta wannan hanya ba.