Jaririn da aka ce an haife shi da kaciya

Tun muna yara a Gombe muke jin tsofaffi na cewa idan aka haifi namiji kan gabansa a buɗe, mala'iku ne suka yi masa kaciya. Abin da ido ya nuna musu ke nan.

Amma sau da yawa matsalar halitta ce da likitoci ke kira haifosfadiyas. Tun a ciki bututun fitsari bai gama haɗuwa ba, sai ƙofarsa ta fito ta ƙasan gaban maimakon a tsini, loɓar kuma ta taru a sama kamar hula, ƙasa babu. Kusan namiji 1 cikin 200 zuwa 300 ake haifa haka.

Uwa, lokacin wanka ki lura: ta ina fitsarin ke fita? Yana tsartuwa gaba, ko ƙasa yake zuba ya jiƙa cinyoyi? Gaban ya lanƙwashe?

Abin da ya fi damuna shi ne a kira wanzami ya "ƙarasa". Don Allah a dakata, a fara kai shi asibiti. Da wannan fatar likitan tiyata yakan gyara bututun, galibi tsakanin wata 6 zuwa 18, kuma ko yaro ya girma ana iya yi.

Ku tura wa masu jego da ungozomomi.