Ruwan Wanke Maikon Inji: Tambayoyin Masu Gareji da Masu Walda

A garuruwanmu irin su Gaya, Ringim da Kazaure, da wuya ka rasa rumfar mai gyaran babur ko injin ban-ruwa, gefensa kuma ga mai walda. Wasu da fetur suke wanke kayan inji, wasu kuma da wani ruwa na gwangwani ko na jarka marar suna. Wannan na biyun ne ke damuna, musamman da yake yaran shago ake bar wa wankin.

Wane irin ruwa ne?

Dangin sinadarai ne masu kulorin. Fitaccensu shi ne TCE, wato "trichloroethylene" a Turance: garau yake kamar ruwan sha, ƙamshinsa zaƙi-zaƙi, yana cinye maiko nan take ya bushe. 'Yan'uwansa suna cikin wasu feshin wanke birki da wasu magungunan cire tsohon fenti. In ka ga "chlor" cikin sunan da ke jikin gwangwani, daga gidansu ya fito.

Tunda ba ya saurin kamawa da wuta, ai ya fi fetur aminci ko?

Nan ne ake yaudaruwa. Gaskiya ba ya tashi kamar fetur, amma da tururinsa ya haɗu da wutar walda, garwashi ko ƙarfe mai ja, sai ya rikiɗe ya zama fosjin, iskar gubar da aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Muguntarta ita ce ba ta nuna kanta da wuri. Mutum zai ɗan yi tari, ya ƙarasa aikinsa, ya koma gida ya ci tuwo, sai cikin dare huhunsa ya cika da ruwa. Don Allah, ƙarfen da aka wanke da ruwan nan kada ya je gaban mai walda sai ya bushe ƙarau, kuma a raba wurin wanki da wurin wuta.

Ko ba wuta, shaƙarsa fa?

Tururin TCE ya ninka nauyin iska fiye da sau 4, saboda haka ƙasa yake kwanciya: ramin duba mota, cikin tanki, lungun shago. Yaron da ya tsuguna kan kwanon wanki shi ya fi kwasa. Ciwon kai ne farko, sai jiri da layi kamar mai maye, in ya yi yawa a sume ko bugun zuciya ya rikice. Ɗan'uwansa da ke cikin maganin cire fenti kuwa a digiri 40 yake tafasa, zafin da Haɗeja ke kaiwa a watan Afrilu, kuma jiki yana mai da shi irin gubar hayaƙin janareta.

Wanda ya yi shekaru yana aiki da shi fa?

Hanta, ƙoda da jijiyoyi ne ke biya. A 2012 hukumar binciken cutar kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa TCE cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar ƙoda, Amurka kuma ta fitar da dokar haramta shi a Disambar 2024.

Takunkumi yana karewa?

Na ƙura ko tsumma ba ya tare tururi ko kaɗan, kuma siririyar safar hannu ta asibiti ratsa ta yake. A yi aikin a fili, iska na bugowa ta bayanka, a riƙe ƙarfen da filaya da buroshi, a rufe kwano da an gama. Kada a wanke hannu da shi. Inda omo da ruwan zafi za su iya, su ne gaba.

Idan wani ya faɗi ko ya sha?

A fito da shi sarari, amma kada mai ceto ya faɗa rami a bayansa. A cire rigar da ta jiƙe, a kwantar da shi, kada a sa shi gudu. In ido ne, ruwa mai tsabta na minti 15. Wanda ya sha, ban da manja, ban da madara, ban da sa shi amai. A wuce asibiti da gwangwanin a hannu, ko da ya ce ya warware.

Ragowar ina za a kai?

Ba kwata ba, ba bayan shago ba. Ya fi ruwa nauyi, yana ratsa ƙasa ya sauka inda rijiya da burtsatse ke sha, ya daɗe a can. Haka ya gurɓata ruwan shan barikin soja na Kam Lejun a Amurka daga 1953 zuwa 1987. A tara shi a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a inuwa, nesa da yara. Jarkar da ta taɓa ɗaukarsa kuwa a huda gindinta, kada wani ya tsinta ya zuba ruwan sha ko man gyaɗa.