Ƙwayoyin cuta a hannun 'yan ta'adda: amsar tambayoyin da ake yawan yi mini

Shin an taɓa kai hari da ƙwayoyin cuta?

An taɓa. A 2001 an aika wasiƙu ɗauke da ƙwayar antaraks, cutar da ke kashe dabbobi da mutane, a Amurka, mutum biyar suka mutu. A 1984 mabiya wani jagoran addini ɗan Indiya mai suna Rajneesh sun zuba salmonella, ƙwayar cuta mai haddasa gudawa, a abincin gidajen cin abinci a jihar Oregon, mutum 751 suka kamu.

To duk wanda ke da intanet zai iya haɗa irin wannan makami?

A'a, kuma na gaji da maimaitawa. Ƙungiyar addini ta Aum Shinrikyo a Japan tana da kuɗi da masu digiri a kimiyya, amma antaraks ɗin da ta fesa a Tokyo a 1993 bai kama kowa ba. Ku kwantar da hankalinku.

Ni ɗalibin kimiyya ne. In na ci karo da binciken da ya bayyana yadda ake ƙara wa cuta saurin yaɗuwa, in tura wa abokan karatuna?

Nan ne ba ni da amsa guda. A 2011 masana kimiyya biyu, Ron Fouchier a Holan da Yoshihiro Kawaoka a Amurka, sun sauya ƙwayar murar tsuntsaye har ta riƙa yaɗuwa ta iska tsakanin dabbobin gwaji. Kwamitin da ke ba gwamnatin Amurka shawara ya fara neman a ɓoye wasu bayanan, daga baya ya sassauta, aka buga binciken a 2012. Masana da kansu sun rabu biyu, domin ilimin da mugu zai nema shi ne mai haɗa rigakafi yake buƙata. A ganina, karanta abin da mujalla mai daraja ta buga ba laifi ba ne, tattauna shi da malaminka ma haka. Amma tattara hanyoyin aikin daga wurare daban-daban, a sauƙaƙa su, a watsa a rukunin WhatsApp da ba ka san rabin mutanen cikinsa ba, wannan ba zan goyi bayansa ba, ko da niyyarka mai kyau ce. Sannan ka fara duba dokar ƙasarka da ƙa'idar jami'arka.

An ce rigakafi ma makami ne?

Ƙarya ce, ku daina yaɗa ta. Irin wannan jita-jita ce ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Akwai dokar da ta hana makaman ƙwayoyin cuta?

Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1972, wadda ta fara aiki a 1975, sai dai har yau ba ta da masu bincike da ke shiga ɗakunan gwaji su tabbatar ana bin ta.