Shin Ingila Ta Mayar wa Haile Selassie Ƙasarsa Kyauta?

An daɗe ana cewa don tausayi Ingila ta kori Italiya daga Habasha, ta miƙa wa Sarki Haile Selassie ƙasarsa salin alin. Ba haka abin yake ba.

A 1938, lokacin da sarkin yake zaman gudun hijira a garin Bath na Ingila, gwamnatin Ingila ta amince da mulkin Italiya a Habasha. Sai da Mussolini, shugaban Italiya, ya shiga Yaƙin Duniya na Biyu yana yaƙar Ingila a watan Yunin 1940 sannan aka tuna da sarkin, aka kai shi Sudan don ya zaburar da masu turjiya. Sojojin Najeriya ma suna cikin rundunar da ta taso daga Mogadishu ta ci garin Harar na Habasha.

Sarkin ya koma Addis Ababa ranar 5 ga Mayu 1941, amma hafsoshin Ingila suka riƙe ƙasar tamkar yankin abokan gaba da aka ci da yaƙi. Yarjejeniyar Janairun 1942 ta amince da 'yancin Habasha, sai dai da sharaɗi: sarkin ya karɓi mashawarta Turawan Ingila, layin dogo da yankin Ogaden kuma su zauna a hannun Ingila. Wannan ai riƙon sakainar kashi ne. Ogaden bai fara komawa hannun Habasha ba sai 1948.